Turken Lantarki Ba Ya Buƙatar Siffar Mutum Ko Ta Dabba

A shekarar 2011 gwamnatin Birtaniya, tare da kamfanin National Grid da ƙungiyar masu zanen gine-gine ta ƙasar, ta buɗe wata gasa: a fito da sabuwar siffar turken da ke ɗaukar manyan wayoyin wutar lantarki. An gabatar da zane kusan 250, kamfanin Bystrup na Denmak ya yi nasara da turke mai ƙafa ɗaya da hannu biyu, kamar harafin T, wayoyi na rataye a kowane gefe tamkar 'yan kunne. Tsawonsa mita 35, alhali tsohon turke mai saƙar ƙarafa yakan kai mita 50.

Shi ma tsohon turken ba da ka aka samo shi ba. A 1927 hukumar lantarki ta Birtaniya ta nemi shawarar fitaccen mai zanen gine-gine, Sir Reginald Blomfield, aka zaɓi siffar da wani kamfanin Amurka mai suna Milliken Brothers ya gabatar. Wannan saƙa ta ƙarafa mai ƙafa huɗu ita ce ta cika Birtaniya, irinta ce kuma ta cika duniya, har da wadda matafiyi ke gani a gefen hanyar Abuja zuwa Kaduna. Shawarar da wasu 'yan tsiraru suka yanke a ofis ta zama abin da idanun miliyoyin mutane ke faɗawa a kai kullum, kusan shekara ɗari ke nan.

Masu neman gyara fuskar turken sun kasu biyu, kuma ɓangaren da ya fi samun tafi shi ne ya fi ƙarancin amfani. Su ne masu mayar da turke mutum-mutumi. A 2008 wani kamfanin zane na Amurka, Choi+Shine, ya shiga gasar da kamfanin lantarki na Aisland ya shirya, da zanen turaku masu siffar ƙattin mutane, wani a tsaye, wani a durƙushe, suna riƙe da wayoyi a kan tsaunukan ƙasar. Hotunan sun zagaye intanet, har yau ana yaɗa su kamar an gina su, alhali ko ɗaya ba a kafa ba. Waɗanda aka kafa da gaske sun haɗa da turke mai siffar kan Mickey Mouse kusa da wurin shaƙatawa na Disney a jihar Fulorida, da mai siffar ɗan kama a gefen wata babbar hanya a Hangari, da masu siffar 'yan ƙwallo da Rasha ta kafa domin gasar cin kofin duniya ta 2018.

Irin waɗannan suna da daɗin kallo ne domin ɗai-ɗai ne. Layin lantarki mai tsawon kilomita ɗari yana buƙatar turaku ɗaruruwa, kuma ƙato na farko da ya ba matafiyi mamaki, in ya ga na hamsin ya gundure shi. Banda haka, turken da aka yi wa hannu da ƙafa yana kiran ido ya kalle shi, ya bar tsaunin da aka ce ana son karewa. Wanda ya je kallon dutse ba ya neman abin da zai yi gasa da dutsen.

Ɓangare na biyu, wanda turken T ya fito daga cikinsa, yana neman turken ya rage tsawo, ya rage filin da yake ci, ya yi shiru a inda aka kafa shi. Wannan ce hanyar da ta fi cancanta, amma ita ma ba ta fita kunya gaba ɗaya ba. An kafa irin wannan turke guda 116 a yankin Somaset, a layin da zai ɗauko wuta daga sabuwar tashar nukiliya ta Hinkley Point C, fiye da shekara goma bayan gasar. Da aka gan su a fili sai ra'ayi ya rabu. Tsohon turke, duk da muninsa, ana hango sararin sama ta cikin ramukan saƙarsa, daga nesa yakan saje da hazo. Sabon kuwa dunƙulallen farin ƙarfe ne, ba ya ɓuya. Ya fi tsada, sassansa kuma suna da nauyin da sai an yi wa manyan motoci hanya kafin a kai su wurin. A sabon layin da ake shirin ja daga Norwich zuwa Tilbury, tsohuwar saƙar ƙarafa kamfanin ya sake gabatarwa.

Abin da ya sa ƙasashen ke wahalar da kansu a kan siffar ƙarfe ba son ƙawa kaɗai ba ne. Jama'ar da ba su yarda da layi ya ratsa garinsu ba suna iya tsayar da aiki shekara da shekaru. Jamus ta ɗanɗana wannan a layin SuedLink, mai tsawon kusan kilomita 700, wanda zai kai wutar iska daga arewacin ƙasar zuwa masana'antun kudu. Adawar mazauna yankunan ta sa a 2015 aka yi dokar fifita binne wayoyin a ƙasa, kuɗin aikin ya ninka, layin da aka yi niyyar kammalawa a 2022 kuma ya wuce lokacinsa da shekaru. Turke mai ɗan sauƙin kallo, in zai sa manomi ya amince, ya fi wannan asarar araha.

Ma'aikacin da ya kwana cikin duhu a Kubwa ko Nyanya zai iya cewa ana ta kai wa yake ta kaya. Yana da gaskiya, in dai batun ado ne. Sai dai siffar turke a Najeriya ta shafi ko wutar za ta iso ko ba za ta iso ba. Turke mai saƙa ƙarafa ne ƙanana da yawa da aka haɗa da noti, kuma kamfanin TCN ya sha sanar da cewa ɓarayi sun kwance ƙarafan ƙasa sun tafi da su, turken ya tsaya da rauni har iska ta kayar da shi. Abin da aka kwance da sifana, a kasuwar gwangwan yake ƙarewa. Dunƙulallen turke mai ƙafa ɗaya ba shi da gutsattsarin da mutum zai saɓa a kafaɗa cikin dare. Gindinsa kuma ƙarami ne, ba ya cin gona kamar mai ƙafa huɗu, wanda hakan ke rage rigimar diyya, ya kuma dace da birane inda gine-gine suka matse hanyar layi. Ƙa'ida ta tanadi faɗin mita 50 ga layi mai ƙarfin kilobolt 330, da mita 30 ga mai 132, amma duk wanda ya zaga unguwannin gefen Abuja ya ga shaguna da gidajen kwana a ƙarƙashin wayoyin.

Kada a ɗora wa zane abin da ya fi ƙarfinsa. Turakun layin Damaturu zuwa Maiduguri da aka tarwatsa a 2021, har birnin ya daɗe babu wutar gwamnati, bam ne ya kayar da su, kuma babu siffar da ke jure wa bam. Lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, wanda ya taimaka wajen jefa yawancin Arewa cikin duhu a Oktoban 2024, matsalar tsaro ce kafin ta zama ta ƙarfe. Binne waya ma ba mafaka ba ce: a farkon 2025 ɓarayi sun tono wayar ƙarƙashin ƙasa mai kilobolt 132 kusa da Millennium Park, a tsakiyar Abuja, suka bar manyan unguwanni babu wuta.

Inda gyaran yake shi ne a takardar kwangila, tun kafin a haƙa rami ko ɗaya. A daji mai nisa, inda kuɗi ne kan gaba, tsohon turke ya wadatar, a ƙara masa notin da ba ya kwantuwa. A cikin gari, da gonaki masu tsada, da wuraren da ɓarayi suka saba, ya kamata a nemi ɗan kwangila ya kawo farashin turke mai ƙafa ɗaya, a auna shi da kuɗin diyya da na sake gina waɗanda suka faɗi, ba da farashin ƙarfe kaɗai ba. A wurare irin su Dutsen Zuma ko magangarar ruwan Gurara kuwa, tambayar farko ita ce ta ina layin zai bi, domin kauce wa kan tudu da ɗan tazara ya fi kowane irin zane ɓoye turke. Layukan da aka ja daga Kainji a ƙarshen shekarun 1960 har yanzu suna ɗaukar wuta, kuma jami'in da zai sa hannu a kan sabon layi bana zai yi ritaya ya bar turakunsa a tsaye.