Tafkin Titikaka: Wa Ke Cin Moriyar Baƙi?

Tafkin Titikaka yana tsakanin Peru da Bolibiya, mita 3,812 sama da teku, inda numfashi kan yi wa baƙo wuya, balle in ya hau matakalar tsibirin Takile mai hawa fiye da 500. Abin takaici, kamfanonin birnin Puno ne ke kwaso yawancin baƙi da safe, su komar da su kafin magariba, kuɗin jirgi ya tsaya a Puno. Alhali kuwa mutanen tsibirin, waɗanda UNESCO ta karrama saƙarsu a 2005, su ke gyaran hanyoyin da ake takawa. A ganinmu wajibi ne hukumomin Peru su fifita jiragen Takile, matafiyi kuma ya kwana a gidajen mutanen, ya biya su hannu da hannu.