SHARHI: Kaɗanya Da Gawayi, Kasuwa Biyu A Kan Itace Guda

MINNA — Duk wanda ya bi ta unguwar Ƙetaren Gwari da hantsi ba zai rasa ganin kaya iri biyu da ake shigowa da su birnin Minna daga ƙauyukan kewaye ba. Akwai buhunan gawayi da ake jibgewa a bakin titi, akwai kuma man kaɗanya da matan karkara ke kawowa a ƙorai da robobi. Abin da masu saye ba su cika lura da shi ba shi ne, sau da yawa kayan nan biyu daga itace guda suka fito, kuma bunƙasar kasuwar ɗayan ita ce ajalin ɗayan.

Kamar yadda aka sani, kaɗanya itaciya ce da ba a saba shukawa ba. Da kanta take fitowa a dazuzzuka da gonaki, tun daga ƙasar Senegal har zuwa Sudan ta Kudu da Uganda. A Nijeriya kuwa Jihar Neja ce a sahun gaba, kasancewar ta fi kowace jiha faɗin ƙasa, da murabba'in kilomita fiye da 76,000. A gangaren duwatsun da suka kewaye Minna, da yankunan Paiko da Kuta da Beji, manoman Gwari sun gaji al'adar barin kaɗanya da ɗorawa a tsaye a duk lokacin da suke sharar sabuwar gona. Wannan al'ada, wadda babu dokar gwamnati da ta kafa ta, ita ce jarin da dukkan cinikin kaɗanya ya dogara a kansa har zuwa yau.

Samun kuɗaɗen musaya daga tsiron da ba a shuka ba, ba sabon abu ne a duniya ba. A tsaunukan ƙasar Chile ta Kudancin Amurka, da na Lesotho a kudancin Afirka, akwai wardin daji mai ƙaya wanda ke yaɗuwa da kansa a kan gangare. Talakawan karkara ne ke tsinko jajayen 'ya'yansa, 'yan kasuwa su busar, su aika Turai, musamman ƙasar Jamus, inda ake yin shayi da su, a kuma tatsi mai daga ƙwayar don gyaran fata. Chile ta daɗe tana cikin manyan masu fitar da wannan kaya a duniya. Saiwoyin wardin suna riƙe ƙasar gangare, tsuntsaye da dabbobi suna cin 'ya'yan suna baza irin. Sai dai akwai wani bambanci da ya kamata 'yan kasuwar Neja su riƙe. Wardin daji baƙo ne a waɗannan ƙasashe biyu, daga Turai aka kai shi, kuma yana yaɗuwa da saurin da har makiyaya ke kuka da shi. In an sare shi bana, baɗi ya tofo. Kaɗanya ba ta da wannan hali.

Kaɗanyar da ta fito da kanta takan yi shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya, ba ta kuma kai ganiyarta sai ta doshi shekara 40 zuwa 50. Daga nan tana iya ci gaba da bayarwa har ta haura shekara 200. Wato itaciyar da aka kayar cikin wuni guda, jikan wanda ya kayar da ita ne zai ga madadinta. Tana fure a tsakiyar rani, lokacin da ƙudan zuma ba su da wani abin kirki da za su tsotsa, su ne kuma ke haɗa mata barbara. Wani bincike da aka wallafa a shekarar 2020 kan gonakin kudancin Burkina Faso ya nuna cewa kaɗanya ta fi samun ziyarar ƙudan zuma, ta kuma fi ɗaukar 'ya'ya, a wuraren da aka bar itatuwa da sagagi iri daban-daban. Ke nan ko da an bar kaɗanyar a tsaye, aske dajin da ke kewaye da ita yana rage yabanyarta. 'Ya'yan suna faɗowa ne daga watan Mayu zuwa Agusta, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, don haka naman kaɗanya ya sha riƙe cikin manomi a bakin kunya kafin sabon hatsi ya nuna. A kan gangaren dutse kuwa, inda ruwan sama ke gudu da ƙarfi, saiwarta na daga cikin abin da ke hana zaizayar ƙasa. Tuni ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sanya ta cikin jerin itatuwan da ke fuskantar barazana.

Ta fuskar ciniki, abin da ya ɗaga darajar kaɗanya ya wuce man shafawa. Kusan rabin nauyin busasshiyar ƙwayar mai ne, kuma wani sashe na wannan mai yana daskarewa yana narkewa kamar man koko. A shekarar 2000 Tarayyar Turai ta yi dokar da ta amince a sanya har kashi 5 daga cikin ɗari na wasu mayukan itatuwa a cikin cakulan, kaɗanya tana cikinsu. Tun daga lokacin masana'antun abinci ne ke kwashe mafi yawan abin da Afirka ta Yamma ke fitarwa. Bisa alkaluman da Gwamnatin Tarayya ta bayar, Nijeriya ce ke samar da kusan kashi 40 daga cikin ɗari na kaɗanyar duniya, amma rabonta a kasuwar da ta kai dala miliyan dubu 6 da rabi bai kai kashi ɗaya daga cikin ɗari ba.

Wannan ne dalilin da ya sa a ranar 26 ga watan Agusta, 2025, Mataimakin Shugaban Ƙasa, Alhaji Kashim Shettima, ya bayyana dakatar da fitar da ɗanyar ƙwayar kaɗanya na tsawon wata shida, bayan Burkina Faso da Mali sun ɗauki irin wannan mataki a 2024. A cikin watan ne kuma Gwamna Muhammad Umaru Bago ya buɗe masana'antar tace man kaɗanya ta kamfanin Salid a Kudu, cikin Ƙaramar Hukumar Mokwa, wadda aka ce za ta iya sarrafa tan 30,000 a shekara. Manufar tana da kyau, babu mai hankalin da zai so a ci gaba da sayar da ƙwaya da arha a sayo cakulan da tsada. Amma sanarwar ta zo ne a ƙarshen kakar tsinta, lokacin da kaya ke hannun mata da ƙananan dillalai, cikin 'yan kwanaki kuwa farashi ya faɗi da kusan kashi ɗaya bisa uku.

A nan ne gizo ke saƙar. Matsakaiciyar kaɗanya takan ba da ɗanyun 'ya'ya kilo 15 zuwa 20 a shekara, waɗanda in an dafa, an shanya, an fasa, ba su wuce kilo 3 zuwa 4 na ƙwaya. Riba ce 'yar kaɗan, wadda sai an tara ta shekara da shekaru take zama dukiya. Gawayi kuwa kuɗi ne a dunƙule, nan take, ga shi kuma masu girki sun san gawayin kaɗanya ya fi daɗewa a wuta. Tsadar kananzir da iskar gas, musamman tun daga 2023, ta mayar da dubban gidaje a Minna da Suleja da Abuja kan kurfoti. Bugu da ƙari, a yawancin ƙauyuka mace ce ke tsinta, ita ke sayarwa, amma gona da itacen da ke cikinta na namiji ne. Mai ikon cewa a sare ba shi ne ke cin moriyar ƙwayar ba. Duk lokacin da farashin ƙwaya ya faɗi, hujjar da uwargida ke da ita a gaban maigida ta raunana, mai injin yanka katako kuwa yana tsaye a ƙofar gida da kuɗi a hannu. Dokar da ta shafi tashar jiragen ruwa ba ta isa wannan zaure.

Har ila yau, matsalar 'yan bindiga a ƙananan hukumomin Shiroro da Munya da Rafi da Mariga ta hana mata shiga dazuzzukan da suka saba, alhali tsintar kaɗanya aikin asuba ne, a nesa da gari. Hakan ya sa itatuwan da ke kusa da manyan hanyoyi suka ƙara muhimmanci, su ne kuma motocin gawayi suka fi saurin kaiwa gare su.

Saboda haka ɗan kasuwar da ya zuba jari a injin tatsar mai ba tare da ya waiwayi daji ba, ya yi gini ne a kan rairayi. Abin da ya fi dacewa shi ne masu masana'antu da manyan dillalai su ƙulla yarjejeniya kai tsaye da ƙungiyoyin mata, a tsayar da mafi ƙarancin farashi tun kafin kaka, a kuma biya ƙari a kan ƙwayar da aka dafa da wuri aka shanya a kan tamfol. Ƙwayar da ta yi fumfuna ko ta sha hayaƙi ita ce ke zubar da darajar man Nijeriya a wajen masu saye, kuma tukwanen dafawa da tamfol ba su kai kuɗin tayar babbar mota ba. Wanda ya raba amya ga mazajen ƙauyen ya jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya, domin maigida ya sami zumar sayarwa daga itacen da a da yake gani na mata ne, kaɗanyar kuma ta sami mai yi mata barbara.

Ta ɓangaren bincike, Cibiyar Binciken Kwakwar Manja ta Ƙasa, NIFOR, tana da reshe a Bida wanda ke aiki a kan kaɗanya. Masana sun nuna cewa ana iya yi mata aure kamar yadda ake yi wa mangwaro, ta fara 'ya'ya cikin ƙasa da rabin lokacin da aka saba. Hanya mafi sauƙi ita ce a kare ƙananan da suka tsiro da kansu a gona daga gobarar daji da garma, sa'an nan a aura musu reshen uwa mai yawan 'ya'ya. Wannan aiki ne da kamfani guda zai iya ɗaukar nauyinsa a gunduma guda, tare da hakimi da dagatai, waɗanda har yanzu maganarsu ta fi ta ma'aikacin gandun daji tasiri a kan wanda zai ɗaga gatari.

Lokaci ma yana da muhimmanci. Saran gawayi ya fi tsananta ne da rani, daga Disamba zuwa Maris, lokacin da aikin gona ya ƙare, hanyoyi suka bushe, kaɗanya kuma tana cikin fure. Dillalan da ke jiran watan Yuni kafin su fita da ma'auni zuwa kasuwannin Beji da Gwada da Paiko, ya kamata su sa wakilansu su isa ƙauyukan da takardar yarjejeniya da kuɗin kafin alƙalami tun a watan Nuwamba.