Gurbin "Always" a Jimlar Ɗan Ruma

Cikin takardun ɗalibaina 'yan ajin farko a jami'a, musamman waɗanda suka taso a ƙasar Ruma, daga Batsari zuwa Safana, babu kuskuren da nake yawan ja wa jan layi kamar wannan: "Always I go to the market." Wani kuma ya rubuta "I go always to the market."

Mai karatu, kada ka yi saurin cewa dakiƙanci ne. Yaron da Hausa yake tunani, kuma a Hausa "kullum" kalma ce mai 'yanci: ka ce kullum ina zuwa kasuwa, ko ina zuwa kasuwa kullum, babu mai tuhumarka. Ingilishi bai ba "always" da "never" wannan sakewa ba. Gurbinsu yana gaban aikatau: "I always go." Idan aikatau ɗin "is" ne ko "are", sai su koma bayansa: "He is always late." Idan kuwa akwai mataimakin aikatau, su shiga tsakiya: "She has never come." "Sometimes" da "usually" ne aka yi wa rangwame, suna iya buɗe jimla.

Abin da ke ba ni takaici shi ne, makullin yana cikin Hausar kanta. Dubi "yakan zo". Ina "kan" ta zauna? Tsakanin wakilin suna da aikatau, daidai inda "usually" take zama a "he usually comes". Malamin da ya fara daga nan ya rage wa kansa rabin aiki. Amma yawancin littattafan da ake koyarwa da su ba don mai jin Hausa aka rubuta su ba, sai a bar yaro da haddar ƙa'ida.

Wani zai ce ana maganar 'yan bindigar dajin Rugu, wa ke ta bayanau? Ai saboda su ne maganar ta zama dole. Yaran da rashin tsaro ya raba da aji zango bayan zango, jarrabawar WAEC da NECO ɗaya za su zauna da ɗan Legas, kuma mai duba insha'i yana rage maki a kan kurakuran nahawu. Ba tare da kiredit a Ingilishi ba, ƙofar Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, da ke maƙwabtaka da su, a rufe take.

Ina kira ga Ma'aikatar Ilimi ta Jihar Katsina da ta sanya kwatanta nahawun Hausa da na Ingilishi cikin bitar malaman waɗannan ƙananan hukumomi biyu.