Laifi Tudu Ne: Raddi Ga Masu Cewa Samarin Yau Ba Su Isa Ba

Tun ranar da wani tsohon kwamishina ya miƙe a wurin bikin yaye ɗalibai, ya gyara zaman babbar rigarsa, ya shaida wa iyaye da 'ya'yansu cewa samarin wannan zamani ba su isa a damƙa musu ko mai-unguwanci ba, balle al'amarin ƙasa, kunnena bai huta da maganar ba, a majalisu da gidajen rediyo da ƙofar masallatai, kowa yana gyaɗa kai kamar an jawo masa nassi. To, ni da na ƙare ƙuruciyata riƙe da alli, kuma furfurata ba ta gaza tasa ba, ina da ja, zan kuwa faɗa ko da za a ce tsufa ya fara taɓa ni.

Mazajen da muke tutiya da su, shekarunsu nawa sa'ad da suka ɗauki nauyin jama'a? Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya ƙara masa yarda, an haife shi a 1754, ya fita wa'azi a 1774 yana ɗan shekara 20. Ɗansa Muhammadu Bello bai wuce 23 ba lokacin hijira zuwa Gudu a 1804, amma da shi aka yi shawara, da shi aka ja daga. Malam Aminu Kano shekararsa 30 a 1950 da aka kafa NEPU, Maitama Sule ya zama minista a 1959 yana kan wannan ganiya, Janar Murtala kuwa ya karɓi ƙasar nan a 1975 yana da 36. Wanda tarihin gida bai gamsar da shi ba, ya koma littattafan sira ya ga yadda Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ɗora Usama ɗan Zaidu, yaro matashi, a kan rundunar da manyan sahabbai ke cikinta, har wasu suka yi gunaguni, bai kuwa sauya ba.

Na san abin da za a ce: ai waɗancan an yi musu tarbiyya, an horar da su. Madalla, mun zo wurin. Wa ya horar da su, kuma wa aka bar wa amanar horar da na yau? Kwalejin Katsina da ta fitar da Sardauna da Tafawa Ɓalewa ba daga sama ta faɗo ba. Haka nan kwalejojin horon malamai masu ba da takardar Gired Tu, inda aka koya mana tsara darasi tun daren jiya, da gyaran rubutun allo, da yadda ake tsayawa gaban aji a yi magana yaron da ke can ƙurya ya ji, inda malami ke duba farcenka kafin ya duba littafinka. Waɗannan kwalejoji tsararmu ce ta rushe su da sunan ci gaba, aka ce sai mai NCE, aka cika azuzuwa da masu takarda waɗanda ba a taɓa tsayawa kansu an ga yadda suke koyarwa ba. Na yi ta kuka a kan wannan tun ina bakin aiki, aka ce ni ɗan gargajiya ne. Kwanan baya na leƙa wata firamare, na tarar da yara fiye da ɗari zaune a kan turɓaya, iska ta yaye rabin kwano, malama ɗaya tana fama da muryar da ta dushe. Daga wannan ajin ake jiran Sardauna ya fito?

Wanda ya tsallake ya kai jami'a, a 2022 ya zauna gida wata 8 cur saboda yajin aikin malamai, alhali 'ya'yan masu yi masa wa'azin haƙuri suna Ingila da Masar suna karatu lami lafiya. In ya gama, masaƙun Kakuri da suka ci da ubansa a Kaduna sun zama kufai. In ya ce zai shiga siyasa, sai a nuna masa dokar da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2018, wadda ta rage shekarun takarar shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35, na majalisar wakilai daga 30 zuwa 25. Sannan a 2022 jam'iyya mai mulki ta sa wa takardar neman tsayawa shugaban ƙasa naira miliyan 100. Kai jama'a, wannan karamci da yawa yake! An buɗe wa yaro ƙofar zaure, an ɗaure kura a ciki.

Ana kawo mini zancen shaye-shaye da raye-rayen TikTok kamar wata babbar hujja, ni kuwa ba na ɓata yawuna a kai, domin barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Sara-suka a Bauchi, Kalare a Gombe, 'yan jagaliya a Kano, da kuɗin wa aka yi renonsu? A zaɓen da ya wuce na ga wani tsohon ɗalibina, wanda babu kamarsa a lissafi duk ajin, a saman motar kamfe, idanu jajawur, gora a hannu, hoton wani dattijo a ƙirjin rigarsa. Da muka haɗa ido sai ya ɓoye gorar a bayansa, ya sunkuyar da kai. Shi yana da sauran kunya. Wanda ya saya masa ƙwayar, yau shi ake ba wa lasifika a taro yana bayani kan lalacewar tarbiyya.

Wannan waƙa ma tsohuwa ce. Haka iyayen gidan wancan zamani suka kira samarin NEPU marasa kunya, 'yan tawaye, waɗanda ba su san girman manya ba, aka gurfanar da su gaban alƙalai, aka yi musu bulala, aka tura su gidan yari don kawai sun ce talaka ma mutum ne. Jikokin masu bulalar kuwa, da wasu da suka ci amanar NEPU daga baya suka koma cin tuwon da suka zaga, su ne yau ke rataya hoton Malam Aminu a falo suna ce mana abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. To, mun ga abin da kuka hango, muna zaune a cikinsa ba wuta ba ruwa.

Mulki amana ce, ana kuma koyonsa ne da yi, kamar yadda ɗan maƙeri ke fara zuga kafin ya riƙe masaba. Ranka ya daɗe tsohon kwamishina, a shekarun da ka yi a kujera, yaro nawa ka zaunar kusa da zuga? In ka lissafa ka faɗa mana, sai mu saurari sauran wa'azin.