Rumfar Rainon Dashe: A Bar wa Iska Hanya

Jama'a, a Turai masu rainon tsiro a ɗaka sukan kafa tanti, su sa fitila da fanka. Mu a Wad Haddad rana ba ta yi mana rowa ba, iska muke nema. A Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40. Wanda ya lulluɓe dashen tumatir da leda ruf, dafa shi ya yi.

Rakubarmu ta isa. Mu kafa dirkoki, mu yi rufin karan dawa shara-shara, taga ɗaya ƙasa ta arewa, ɗaya sama ta kudu, tunda zafi sama yake tashi. Ban-ruwa da asuba, kaɗan-kaɗan, don baƙar ƙasar Jazira akwai riƙe ruwa, sai saiwa ta ruɓe. In habub ta taso, a jingina zana.