Wa Zai Zauna Kusa Da Majinyaci?

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili in sa baki a zancen ƙirƙirarriyar basira da mutum-mutumi, wanda ya cika jaridu da gidajen rediyo tun da aka fito da ChatGPT a ƙarshen Nuwamban 2022. Yawancin masu magana tsoronsu ɗaya ne: na'ura za ta raba mutane da ayyukansu, ko wata rana wayonta ya fi ƙarfin masu ita. Ni aikin jinya na yi har na yi ritaya, kuma abin da ke damuna ya fi wannan kusa da gida.

A duba Japan. Kusan kashi 29 cikin 100 na mutanen ƙasar sun kai shekara 65 ko sun haura. Haihuwa ta ragu, matasa sun tare a manyan birane, masu kula da tsofaffi sun yi kaɗan. Akan samu tsoho ya rasu shi kaɗai a ɗaki, sai bayan kwanaki ko makonni a ankara. Abin ya kai a 2021 gwamnatinsu ta naɗa minista kan matsalar kaɗaici, kamar yadda Birtaniya ta yi a 2018. Tun a shekarun 1990 wani injiniya mai suna Takanori Shibata ya fara ƙera Paro, mutum-mutumi mai siffar jaririn wata dabbar teku, fari, mai laushin gashi. In an shafa shi ya buɗe ido ya motsa, in an kira shi ya juyo ya yi ɗan kuka. Yau ana ba tsofaffin da ruɗewar tsufa ta kama su rungume shi a gidajen kula da tsofaffi a Japan da Denmark da Amurka, kuma ma'aikata na cewa yana kwantar wa wasu da hankali.

Ban musa ba. Na sha ganin tsohuwa tana ta fizge-fizge cikin dare, da zarar an riƙe mata hannu sai ta lafa. Amma ai hannun mutum take nema. Inda aka ba ta na'ura, an ba ta ne don babu wanda zai zauna.

Zuciyar ɗan Adam tana da saurin yarda da duk abin da ya nuna yana sauraronta, kuma masanan kwamfuta sun daɗe da sanin haka. A 1966 Joseph Weizenbaum na jami'ar MIT a Amurka ya rubuta wata 'yar manhaja mai suna ELIZA. Ba ta fahimtar komai, maganar mutum kawai take juyawa ta mayar masa a matsayin tambaya. Duk da haka sakatariyarsa, wadda ta san sarai na'ura ce, ta roƙe shi ya fita daga ɗakin don ta yi hira da ita a asirce. Abin ya tayar wa Weizenbaum da hankali, har ya fitar da littafi a 1976 yana gargaɗin cewa akwai ayyukan da bai kamata a miƙa wa kwamfuta ba ko da za ta iya. Manhajojin yau sun yi wa ELIZA fintinkau a iya zance, ga murya mai daɗi, ba sa gajiya, ba sa ƙosawa.

A asibitocinmu kuwa, ko a Kano ko a Sakkwato ko a Damagaram, kowane majinyaci yana da mai jinya. 'Yarsa ce ko ƙanwarsa ko matar ɗansa, ta shimfiɗa tabarma a gefen gado, ta dama kunu, ta wanke kayan da suka ɓaci, ta juya shi don kada kwanciya ta yi masa gyambo, ta ruga kiran nas da tsakar dare. Da yamma 'yan dubiya su shigo da kwanukan abinci da lemo, kowa da “sannu, Allah ya sawwaƙe”. Talauci da ƙarancin ma'aikata na cikin abin da ya sa muke haka, wannan gaskiya ne, kuma nauyin ya fi faɗa wa mata. Sai dai wanda ya daɗe a ɗakin marasa lafiya ya san majinyaci yana lissafe da wanda ya zo da wanda bai zo ba. Ya san wane ya rufe shagonsa a Kantin Kwari ya zo, wane ya biya kuɗin mota daga Funtua, wance ta bar goyo a gida. Wannan asarar da aka yi dominsa ita ce ke shiga ransa. Shi ya sa Bahaushe ya ce zumunta a ƙafa take, shi ya sa kuma addini ya sa gaida mara lafiya da rakiyar gawa cikin haƙƙoƙin Musulmi a kan ɗan'uwansa.

Na'ura ba ta da shagon da za ta rufe, ba ta da barcin da za ta rasa. Ciwo ba ya kama ta, mutuwa ba ta jiranta. In ta ce wa mara lafiya sannu, ba ta san abin da take yi wa sannu ba. Wani Bature mai suna Kirk-Greene, a laccarsa kan mutumin kirki a wurin Hausawa da aka buga a 1974, ya lissafa halaye irin su gaskiya da amana da haƙuri da kunya da karamci. Ko wanne cikinsu sai mai iya kasawa ne ake yaba masa da shi. Wanda zai iya gajiya shi ake cewa ya yi haƙuri. Wanda zai iya cin amana shi ake cewa ya riƙe ta. Yarinyar da ta kwana uku ba ta runtsa ba, ranta ya ɓaci, ta haɗiye ta sake miƙa wa mahaifinta ruwa, ta yi abin da babu injin da zai taɓa yi.

Kada a ɗauka ina gaba da fasaha. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a yi amfani da manhajar da ke karanta hoton ƙirji wajen gano masu tarin fuka, kuma a ƙauyen da babu likitan da zai duba hoto wannan rahama ce. Da ma a ce muna da injin ɗaga majinyaci daga gado, da ma'aikatan jinya da yawa ba su ƙare da ciwon baya ba. A kawo irin waɗannan, da sharaɗin lokacin da suka rage wa nas ta yi amfani da shi a bakin gado, kada a mai da su hujjar rage ma'aikata.

Mu ma mun kama hanyar da nake tsoro. 'Ya'ya suna Abuja da Legas da Saudiyya, suna turo kuɗin magani, Allah ya saka masu. Ta'aziyya ta koma saƙon WhatsApp, kuma yanzu wasu ko saƙon ma manhaja suke sawa ta tsara masu. Hausa ta shiga Google Translate tun 2013, na'urori kullum ƙara iya ta suke yi. Ba na shakkar za a wayi gari ana tallata muryar da za ta riƙa taya Inna hira da Hausa, ta tambaye ta ya jiki, ta tuna mata lokacin shan magani. Ɗan da aiki ya yi wa yawa zai saya da zuciya ɗaya, ya ji ya sauke nauyi, zuwansa gida ya koma daga salla sai salla.

Roƙona, Malam Edita, idan jaridarku za ta sake waiwayar wannan batu, kada a tsaya ga masanan kwamfuta kaɗai. A tura wakili ɗakunan kwanciya na asibitocinmu ya ji ta bakin tsofaffi da masu jinyarsu. A tambayi malamai ko saƙon da na'ura ta rubuta ya sauke haƙƙin dubiya da ta'aziyya. Kuma duk lokacin da wata gwamnati ta sanar da sayo irin waɗannan na'urori don asibiti, a tambaye ta nas nawa za ta ɗauka aiki a wannan shekarar.

Wassalam.

Ma'aikaciyar jinya mai ritaya,
Katsina.