Magana a Kan Taron 'Yan Kama a Haɗeja

Bismillahi. Bayan haka, ya ku 'yan'uwa malamai da almajirai, ga abin da na gani da idona lokacin neman zaɓe na 2023, kusa da kasuwar kifi ta Haɗeja.

Waɗansu samari suka kafa taro irin na 'yan siyasa, amma na ba'a. Ɗayansu ya cusa matashin kai cikin babbar riga, ya hau turmi, ya yi alkawarin nome kacalla duka da cokali, tun daga Auyo har Guri. Ni ban kula da shi ƙwarai ba, jama'a nake duba.

Masunta suka fi kowa dariya, domin su suka san ciwon. Tun da aka tare ruwa a Tiga a 1974, da Calawa a 1992, ciyawar nan ta toshe hanyoyin ruwa, jirgi ba ya wucewa. Manoman da ambaliyar 2022 ta cinye wa shinkafa, su tasu dariya gajeruwa ce. Na ga kuma waɗansu suna tafi, alhali atamfa da sabulun da aka raba musu jiya suna ɗaka. Wani tsoho kuwa bai ko murmusa ba. Ya ce mini zamanin NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950, irin wannan magana bulala take jawowa a gaban alƙali, ko gidan yari. Yau kuwa an yi, an watse, ba wanda ya ji zafi. Bai faɗi wanne ya fi ba, ni ma ban tambaya ba.

Sa'an nan wani yaro ya fito da rawani da tasbaha, yana kwaikwayon malami. Idan an miƙa masa kuɗi addu'a ta yi tsawo, idan an janye hannu sai ya shafa fatiha. Nan fa idanu suka juyo kaina. Wallahi na ji kunya, kuma na ji haushi, amma ban sami ƙarya a ciki ba.

Na ji waɗansu daga cikinmu suna cewa a hana wannan wasa, wai izgili ne, Suratul Hujurati ta hana. Lalle ta hana. Wanda ya kwaikwayi ɗingishin mutum ko i'inarsa, ko ya taɓa uwarsa, ya yi zunubi, kuma da ɗaya daga cikinsu ya soma haka na tsawata masa. Amma nuna alkawarin da aka karya a bainar jama'a wani babi ne dabam. Malam Aminu Kano ma da wasan kwaikwayo ya fara faɗakarwa tun yana malamin makaranta. Ina tsoron masu neman hanin nan ba su tuna da ayar ba sai da aka ɗauko rawani.

Haza wassalam.